E.T. Mensah: Sarkin hailaif da kakana ya saurara daga bakin ƙofa

Yau tarihin wani makaɗi na ɗauko, kuma na san tun daga kan take wasu za su ɗaure fuska. Mutumin ba Musulmi ba ne, ba ɗan Zango ba ne, kuma yawancin aikinsa a gidajen rawa da mashaya ya yi shi, wuraren da iyayenmu suka hana mu ko leƙawa. To me ya haɗa mu da shi? Ku ba ni aron kunnuwanku tukuna. Ni dai a bakin kakana na fara jin sunan E.T. Mensah, kuma kakan nan nawa har ya koma ga Allah bai taɓa sa kwalba a bakinsa ba.

Sana'ar kakana tsire, wanda a nan Gana aka fi sani da cicinga. A shekarun 1950, idan ya sallaci Isha'i a Sabon Zango, sai ya ɗauki tire da gawayi da yajin ƙuli, ya gangara cikin garin Ankara, ya kafa wutarsa a bakin ƙofar gidan rawa. Bai taɓa biyan kuɗin shiga ba, bai kuma taɓa marmarin shiga ba. Amma katanga ba ta tare sauti. Shekara da shekaru yana juya nama yana jin busa, har ya zamana ko ba agogo ya san inda dare ya kai, don ya san waƙar da ake buɗewa da ita da wadda ake tashi da ita. Da tsufa ya kama shi, in aka sa tsohon kiɗan a rediyo, sai ka ga yatsunsa na motsi a kan gwiwa, can kuma sai ya yi istigfari ya yi murmushi. Wannan murmushin ne ya sa da na girma na bi diddigin mai busar.

Cikakken sunansa Emmanuel Tetteh Mensah, ɗan ƙabilar Ga, an haife shi a Ankara ranar 31 ga Mayu, 1919, zamanin ƙasar tana hannun Ingila ana kiranta Gwalkwas. Kada ku dubi Ankarar yau da cunkoson trotro da dogayen benaye. Ko a ƙidayar 1948, mutanen garin wajen 135,000 ne kawai. Gari ne matsakaici, mutum zai iya taka sayyadarsa daga James Town zuwa Adabraka ba tare da ya nemi mota ba. Duk wata hada-hada, ta rana da ta dare, tana dunƙule ne a tsakiyar gari, kuma tsohon Zangonmu na farko yana nan kusa da kasuwa, a cikin wannan tsakiyar.

A makaranta ya fara. Akwai wani malami mai suna Joe Lamptey, wanda aka fi sani da Teacher Lamptey, da ya tara yaran makaranta yana koya musu busa, daga baya abin ya zama ƙungiyar Accra Orchestra. Mensah yana da kimanin shekara 12 ya shiga, yana busa ƙaramar sarewar Turawa. Daga nan ya koyi saksofon, daga baya kuma ya kama ƙahon da Turawa ke kira tirampet, wanda da shi duniya ta san shi. A cikin shekarun 1930 shi da yayansa Yebuah suka kafa tasu ƙungiyar, Accra Rhythmic Orchestra.

A nan ya kamata in tsaya kan sunan kiɗan, don shi ne gishirin labarin. Yebuah ɗin nan shi ya bayyana wa masanin kiɗan Gana, John Collins, yadda aka samo kalmar hailaif. A shekarun 1920 gidajen rawa na manyan gari ne: lauyoyi, manyan akawuna, 'yan kasuwa masu hulɗa da Turawa. Ba a shiga sai da kwat da doguwar hula, mata kuma da rigunan Turawa har ƙasa. Kuɗin shiga sule 7 da sisi, abin da lebura zai yi kwanaki yana zufa bai tara ba. Makaɗan suna buga kiɗan rawar Turawa ne, amma jefi-jefi sukan sako waƙoƙin gida a cikin kayan busar Bature. Talakawa kuwa sai su taru a waje, suna leƙe, suna saurare. Su ne suka laƙaba wa abin suna, wato rayuwar manya, rayuwar da ta fi ƙarfinsu. Ka ga ke nan mutanen bakin ƙofa ne suka raɗa wa yaron suna, ba na ciki ba. Ranar da na gano haka, sai na tuna kakana da tirensa.

Yaƙin Duniya na Biyu ya sauya daren Ankara gaba ɗaya. Sojojin Ingila da na Amurka sun cika ƙasar. A Takoradi ake harhaɗa jiragen yaƙi, a tashe su ta Kano da Maiduguri da Khartum har Masar, Ankara kuma ta zama babban zangon jiragen Amurka. Soja a baƙon wuri, ga albashi a aljihu, ga kewar gida, me zai nema in dare ya yi? Sai mashaya da kulob suka riƙa tsirowa a cikin gari. Wani sajan ɗan Sikotilan, Jack Leopard, wanda makaɗi ne tun a gida, ya haɗa ƙungiya ta Turawa da baƙaƙe, ya ɗauki Mensah yana busa saksofon. Suna yawo barikin soja da kulob ɗin Turawa. A hannun wannan sajan Mensah ya goge a salon kiɗan Amurka da ake kira suwing, ya kuma ga cewa mutum shida ko bakwai da suka san aikinsu za su iya abin da a da sai an tara mutum ashirin.

Amma ga wani abu da masu ba da labarinsa suke tsallakewa da sauri, ni kuwa a nan na fi son in daɗe. Duk wannan busar da yake yi, bai saki karatu ba. Ya karanci haɗa magunguna, ya samu takardarsa, gwamnati ta ɗauke shi aiki, har ta tura shi wajen Ankara na wasu shekaru. Da rana yana bayan kanta yana auna magani, da dare yana kan dandamali. Wannan sana'a ita ce ta zame masa bango, kamar yadda za ku gani a gaba.

A 1947 ya shiga ƙungiyar Tempos. Asalinta wani mai buga piyano ɗan ƙasa, Adolf Doku, da wani injiniya Bature, Arthur Harriman, suka kafa ta lokacin yaƙi, don nishaɗin Turawa. Da yaƙi ya ƙare, sojoji suka kwashe kayansu, sai ƙungiyar ta koma hannun 'yan ƙasa. A ciki akwai Joe Kelly, akwai kuma makaɗin ganga Guy Warren, wanda daga baya ya koma Kofi Ghanaba. Shi Warren ya je Landan ya dawo da gangunan hannu irin na Kyuba da waƙoƙin kalifso na tsibiran Karibiyan. Da suka saurara da kyau sai suka ga ai wannan kiɗan ɗan'uwan na gida ne, bayi ne suka tafi da shi, ya dawo da sabuwar riga. Ba da jimawa ba ragamar Tempos ta koma hannun Mensah.

Lissafinsa mai sauƙi ne. Turawan da ke biyan kuɗi sun tafi. Waɗanda suka rage su ne akawu, malamin makaranta, direba, tela, tsohon soja da ya dawo daga Bama, matan kasuwar Makola. Waɗannan ba su da doguwar hula, kuma kunnensu ba ya ƙoshi da rawar Turawa. Sai ya rage kiɗan Bature, ya turo na gida gaba, ya sa ganguna da ƙarfen da ke riƙe da bugun a tsakiya, kayan busa suna amsa wa juna kamar mai waƙa da 'yan amshi. Ana rera waƙa da Ga, da Twi, da Fante, da Turanci. Lokacin kuma ya dace da shi. A Fabrairun 1948 aka harbe tsofaffin sojoji uku a kan hanyar fadar gwamna ta Christiansborg, gari ya yamutse, guguwar neman 'yanci ta tashi. Mutane na neman abin da za su ce nasu ne, a siyasa da sutura da kiɗa. Kiɗan da a da ake leƙensa ta katanga ya fito ya zama na kowa.

A 1950 Tempos suka fara zuwa Legas. A 1952 kamfanin Decca ya fara naɗar musu faifan garmaho, kuma waƙar All For You na cikin waɗanda suka fi tashe. A 1953 Mensah ya yi abin da ba a saba ba, ya mai da ƙungiyar ta cikakkun ma'aikata, kiɗa ne kaɗai aikinsu. Kafin nan makaɗin gidan rawa yana da aikinsa na rana, busa ta ƙarshen mako ce. Daga nan suka riƙa zirga-zirga Najeriya a kai a kai, makaɗan can irin su Bobby Benson da Victor Olaiya da Rex Lawson suka ga yadda jama'a ke tururuwa, su ma suka rungumi hailaif, kowa ya zuba masa gishirin garinsu. Shi ya sa har yau in ana gardamar wa ke da hailaif tsakanin Gana da Najeriya, ni dariya kawai nake yi. Mai tarihi ya san ta inda aka ɗauko wutar.

Ya kuma buɗe nasa gidan rawa a Ankara, Paramount. Wannan shi ne zamanin da kakana yake ba mu labari. Daren Asabar a cikin gari, ga Paramount, ga Lido, ga Tip Toe, ga Weekend in Havana, ga Seaview a James Town. Yawancinsu fili ne a buɗe, an kewaye da katanga, an yi daɓen siminti na rawa, tebura a gefe, fitilu a rataye, iskar teku na kaɗawa. Shi ya sa sauti ke tsallakowa har titi. A cikin katanga akwai masu rawa da masu sha. A waje kuwa akwai wata kasuwa guda: mai tsire, mai shayi da burodi, mai goro da taba, direban tasi da ke jiran fasinja, mai gadin kantin da ke maƙwabtaka yana zaune a kan buzunsa. In ka duba waɗannan na waje da kyau, da yawansu mutanenmu ne, 'yan Zango da 'yan Arewa. Da Hausa ake ciniki a bakin ƙofar.

Kakana bai ɓoye mana cewa abin ya dame shi ba. Ya san mai sayen tsirensa da giya zai kora. Ya san abin da idonsa ke gani a ƙofar nan bayan sha biyun dare, na faɗa da na zubar da mutunci, da magidancin da ya shigo da albashin wata ya fita aljihu wayam. Har gaban malaminsa ya kai maganar. Abin da ya riƙe daga wannan zama shi ne ya tsaya kan namansa na halal, kada ya taɓa kwalba ko da miƙa wa wani ne, kada ya tsallaka ƙofa, kada kuma Asuba ta same shi a wani wuri in ba sahu ba. A kan haka ya tsaya. Da kuɗin tsiren nan aka yi wa mahaifina kuɗin makarantar allo da ta boko, da shi aka aurar da gwaggonnina. Ba fatawa nake bayarwa ba, ba ni da wannan matsayi, malamai na nan. Abin da ya faru a gidanmu nake faɗa, kuma na san ba gidanmu kaɗai ba ne.

Babbar ranar Mensah ta zo a watan Mayun 1956, da Louis Armstrong, shahararren mai busa na Amurka, ya sauka a Ankara. Gidan talabijin na CBS ne ya kawo shi don ɗaukar fim. Makaɗan gari suka tarbe shi a filin jirgi da busa. A filin Old Polo Ground an ƙiyasta taron da ya fito ya kai mutum 100,000, a garin da na gaya muku girmansa. Kwame Nkrumah, wanda lokacin shi ne Firayim Minista, ya karɓi baƙon. Da dare kuma Armstrong ya je Paramount, ya hau dandamali shi da Mensah, suka yi busa tare. Jikan bayin da aka kwashe daga wannan gaɓar teku ya dawo, ya tarar da mai harhaɗa magani ɗan Ga yana jiransa da irin ƙahonsa. Kakana ya ce bai taɓa sayar da nama irin na waɗannan kwanaki ba.

Bayan wata goma, ranar 6 ga Maris, 1957, aka sauke tutar Ingila. Mensah ya yi waƙar 'yancin Gana, daga baya ya yi ta haɗin kan Gana da Gini da Mali. Tempos suka zagaya Abijan, Gini, Saliyo da Laberiya. A lokacin ne sarautar Sarkin Hailaif ta zauna masa daram, ba wanda ya yi jayayya.

Sai dai duniya rawar 'yanmata ce, na gaba ya koma baya. A shekarun 1960 kunnen matasa ya juya. Kiɗan Kwango ya shigo, na Amurka da Ingila na zamani ya shigo, masu jita suka fi masu ƙaho arha da farin jini. Riƙe babbar ƙungiya da albashi ya zama nauyi. Da yawa daga makaɗan da ya horar sun tafi sun kafa nasu. A nan takardar nan ta yi ranarta: Mensah ya koma aikin magani, kiɗa ya zama na lokaci-lokaci. Bai zauna yana jiran a tuna da shi ba, bai bi ofis-ofis yana roƙo ba. A 1969 ya kai Tempos Ingila suka yi wasanni. A ƙarshen wannan shekarar ce kuma gwamnatin Busia ta kafa dokar korar baƙi marasa takarda. Zango ya girgiza, gidaje suka watse. Abokin sana'ar kakana, wanda suka yi shekaru suna raba gawayi, yana cikin waɗanda suka hau mota, ba su sake ganin juna ba. Mutumin da ya yi waƙar haɗin kan ƙasashen Afirka yana raye ya ga wannan rana.

Abin da ya ƙarasa daren Ankara kuwa ba wa'azi ba ne, ba kuma sauyin yayi ba ne. Tattalin arziki ya durƙushe a shekarun 1970, zamanin kalabule, ko faifai ya gagara bugawa. Sojoji suka yi ta karɓe mulki. Bayan juyin mulkin Rawlings na 31 ga Disamba, 1981, aka sa dokar hana fita da dare, ta kai har 1984. Sama da shekara biyu ba kiɗa, ba rawa, ba kowa a titi. Aka kuma ɗora wa kayan kiɗa haraji mai nauyi a matsayin kayan alatu. Makaɗa suka watse, wasu Legas, wasu Landan, wasu Hambag ta Jamus, wasu kuma suka shige coci, inda ake da kayan kiɗa kuma ake yi da rana. Da aka ɗage dokar, masu gidajen rawa suka ga ya fi musu arha su ɗauki mai sa faifai da manyan lasifika a kan su biya mutum goma.

Na san a Zango akwai waɗanda suka yi hamdala da rufe mashaya, kuma na fahimce su. Amma mahaifina, wanda ya gaji tukubar kakana, yakan tuna mana cewa dokar ba ta tambayi addinin kowa ba. Ranar da ƙaho ya yi shiru, ranar wutar mai tsire ta mutu, mai shayi ya kife kofunansa, direban tasi ya ajiye mota. Ga fari da yunwar 1983, ga 'yan Gana kusan miliyan guda da aka koro daga Najeriya a shekarar. A gidanmu sai da aka koma cin abinci sau ɗaya a yini. A lokacin muka gane cewa arzikin gari a sarƙe yake kamar zaren saƙa, in ka ja ɗaya sai wanda ba ka zata ba ya warware.

Mensah ya ga ɗan haske kafin ƙarshe. A 1986 wani kamfani a Landan, RetroAfric, ya tattara tsofaffin waƙoƙinsa na shekarun 1950 ya sake fitar da su, John Collins kuma ya wallafa littafin tarihinsa. Ya je Ingila ya hau dandamali a keken guragu, don lafiya ta riga ta yi ƙaranci. Gwamnatin Gana ma ta karrama shi. Ya rasu a Ankara ranar 19 ga Yuli, 1996, yana da shekara 77, bayan doguwar jinya.

To, me na ɗauka a rayuwar wannan bawan Allah? Na farko, yaranmu na Nima da Mamobi da Sabon Zango da ke kwana a situdiyo suna neman suna, su dubi mutumin da ya yi busa da Armstrong, aka kira shi sarki a ƙasashe da dama, amma ranar da kasuwa ta juya masa baya, takardar haɗa magani ce ta rufa masa asiri. Tashe yana da wa'adi. A nemi sana'a a riƙe, kowane irin baiwa Allah ya ba mutum.

Na biyu kuma namu ne mu manya. In ana ba da tarihin Ankara, akan nuna hoton masu kwat suna rawa, ba a nuna wanda ke bakin ƙofa. Mu ma kanmu muna jin nauyin faɗa, kamar abin kunya ne a ce kakanka ya yi sana'a a ƙofar gidan rawa. Ni ban ga abin kunya ba. Mutanen nan sun zauna a gari wanda akasarinsa ba addininsu yake bi ba, sun nemi halal ɗinsu a tsakiyar abin da ba su yarda da shi ba, ba su zagi kowa ba, ba su kuma narke sun bi ruwa ba. Wannan ita ce jarrabawar da 'ya'yanmu ke ciki yau a Osu da East Legon, a otal da gidan abinci da motar haya, sai dai kayan kiɗan ne suka sauya. Gara mu gaya musu gaskiyar yadda na gaba suka yi, da inda suka ja layi, da mu bar su suna zaton su ne farkon shiga wannan tsaka mai wuya.

Har yanzu tiren kakana yana nan a ɗakin mahaifiyata, ya yi baƙi, gefensa ya lanƙwashe. In na ji tsohuwar busar Tempos a rediyo ranar 6 ga Maris, shi nake tunawa, a tsugune gaban garwashi, kunne a cikin katanga, zuciya a masallaci. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu abin yi na halal, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.